Giyar tsiro ta Sikotlan: tambayoyin da ake yawan yi min

Na daɗe a Edinbara, babban birnin Sikotlan, yanzu, kuma duk wanda ya zo daga gida, ɗalibi ne ko nas ko wanda ya zo ganin ƴan uwa, in dai mai sha ne to tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da zarar ya shiga mashaya ya ga an rubuta 80/- a jikin famfo ko ya ga kwalbar da aka rubuta wee heavy. Shi yasa na tattara su wuri ɗaya na amsa yanda na fahimta.

Da farko dai, abin nan giya ce ko irin su Maltina ne?

Giya ce, akwai barasa a ciki, wata ma da yawa sosai. Ina faɗa tun daga farko saboda kalmar malt tana ruɗar mutanenmu, mun saba in an ce malt to lemon kwalba ne da ake ba yara da masu jego. A Musulunci haramun ce, wannan ba a boye yake ba, kuma ban rubuta don in ja ra'ayin kowa ba. Ni daga gidan da ake sha na fito, a wajen Jos, kakata ma burukutu take dafawa. Wanda ba ya sha akwai amsar da na ware masa a ƙasa.

To mene ne malt ɗin da ake ta magana?

Tsiro ne. Wallahi tsiro ne kawai, wanda muka sani, wanda ake sa wa kunu ya yi zaƙi ba tare da sukari ba. Bambancin kawai su da sha'ir suke yi, mu da dawa ko gero ko shinkafa.

Ina yaro na sha ganin kakata ta jiƙa dawa a randa, ta tsame ta baza a ɗaki mai duhu ta rufe da ganye tana yayyafa ruwa safe da yamma, bayan kwana uku ko huɗu sai ka ga farin saiwa ya fito ya sarƙe kamar gashi, sai ta kwashe ta shanya a rana. In ka ɗau ƙwaya ɗaya ka tauna zaka ji ta yi laushi ta yi zaƙi-zaƙi. Abin da ake yi a nan ke nan, a jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, a bar shi ya tsira kwana huɗu zuwa biyar, sai dai su ba su da rana irin tamu, da iska mai zafi suke busar da shi a ɗakin gashi. Kuma a wurin gashin nan ne ɗanɗano ke rabuwa. In an busar da sauƙi sai ya fito fari-fari yana ƙamshin biskit, in an gasa shi da danshinsa sukarin ciki ya narke ya daskare kamar alewa, in kuma an ƙona shi sosai ya yi baƙi ya zama kamar ƙanzo. Mai haɗa giya yana ɗibar kowanne gwargwado, akasari farin ne ya fi yawa, na ƙonan ɗan kaɗan ne don launi.

Akwai wani irin sha'ir da ake ce wa Golden Promise da ya yi suna a Sikotlan, masu giya da masu wiski duk sun yi amfani da shi shekaru da yawa, har yau wasu suna rubuta sunansa a kwalba don a san da shi aka yi.

Me ya bambanta ta da sauran giya?

Giya irin ta Turawa ja-in-ja ce tsakanin zaƙin tsiro da ɗacin wani fure da ake kira hops. Irin su Star da Gulder da muka taso muka gani, ba zaƙin ba ɗacin, an yi su ne don a sha da sanyi a kashe ƙishi. Wata kuma da ake kira IPA da ta cika ko'ina yanzu ɗaci ne da ƙamshin furen a gaba. Ita wannan ta Sikotlan tsiron ne ke magana, hops ɗin an sa ne kawai don kar zaƙin ya gundure ka. Ana jiƙa garin tsiron a ruwa mai ɗan zafi fiye da na sauran, wajen digiri 68 zuwa 70, wanda ke barin wani sukari da yis ba ya iya cinyewa, sannan a bar ta ta nuna a wuri mai sanyi-sanyi a hankali don kar yis ɗin ya kawo nasa ƙamshin ya rufe na hatsi. Shi yasa take da kauri a baki, kana jin nauyinta a harshe.

Lambobin nan 60/-, 70/-, 80/-, 90/- fa?

Sule ne! Alamar /- ɗin nan ita ce dai wadda kakanninmu suka sani kafin naira ta zo a 1973. A ƙarni na 19 masu giya a Sikotlan suna sa wa giya suna da kuɗin da ake sayar da babbar ganga mai galan 54, wadda ta fi ƙarfi ta fi tsada, to sai sunan ya bi ta. Sule 80 fam 4 ke nan. Birtaniya ta daina amfani da sule a 1971 amma sunan ya zauna.

Yanda ake fahimtarsu yanzu, sule 60 ita ce light, barasarta ƙasa da kashi 3.5 cikin ɗari. Sule 70 ita ce heavy, tsakanin 3.5 da 4. Sule 80 ita ce export, daga 4 zuwa wajen 5.5. Sule 90 kuma ita ce wee heavy, daga 6 zuwa sama, wasu har 8 ko 10.

Ka lura da abu ɗaya da ke ruɗar baƙi, in dattijo ya shigo mashaya ya ce a ba shi pint, wato babban kofi, na heavy, ba mai ƙarfin yake nufi ba, ta sule 70 ce, mai sauƙi. Kuma light ɗin nan da sunanta ke nuna haske sau da yawa ita ta fi duhu a kofi, rashin ƙarfi ake nufi ba launi ba.

Me yasa ake ce mata wee heavy?

Wee a bakin mutanen nan ƙarami ke nan, komai wee ne a wajensu, yaro, shayi, jira na minti biyar. Giyar tana da ƙarfi don haka a ƴar ƙaramar kwalba ake sayar da ita da, kashi ɗaya cikin uku na pint, wato kusan mililita 190. Wadda sunan ya fi manne wa ita ce Twelve Guinea Ale ta kamfanin Fowler da ke Prestonpans, gabas da Edinbara kaɗan. Guinea, wato gini, tsohon kuɗi ne, ɗaya sule 21 ne, kaga gini 12 sule 252 ke nan, ka kwatanta da sule 80 ka ga irin nauyin da ake magana. A ƙasashen waje an fi kiranta Scotch ale.

Girman kwalbar nan yana gaya maka yanda aka yi niyyar a sha ta. Ba a yi ta don a jera kwalabe a tebur ba.

Ya zan sha ta in ji daɗinta? A sa a firji?

Nan ne na fi damuwa, don nan ne mutanenmu suka fi ɓata ta. A gida in giya ba ta yi raɓa a jikin kwalba ba mayar da ita ake yi, kuma da gaskiyarmu, zafin Maris ba wasa ba. Amma wannan sanyi kashe ta yake yi. In ta fito daga firji kai tsaye ba abin da zaka ji sai ruwa mai ɗan zaƙi da ɗan ɗaci, duk kuɗinka ya tafi a banza. Digiri 10 zuwa 13 take so. In ta kwana a firji fito da ita ka ajiye minti ashirin ko talatin tukuna.

Kar ka sha da bakin kwalba. Samu tambulan mai faɗin ciki da ɗan tsukakken baki, ka karkata shi ka zuba a hankali, ka miƙe shi a ƙarshe don ta yi kumfa kamar kaurin yatsa ɗaya. Ɗaga ta saitin haske. Mai kyau ba baƙa ba ce, ja ce mai duhu kamar zoɓon da ya jiƙu sosai ko man ja a kwalba, kumfar kuma ba fara tas ba, ruwan ƙasa-ƙasa.

Sai ka riƙe kofin a tafin hannu ka juya kaɗan ka sa hanci kafin baki. Kurɓi kaɗan, bar shi ya zagaye harshe, haɗiye, ka fitar da numfashi ta hanci baki a rufe. Rabin ɗanɗanon a numfashin nan yake fitowa. Kuma kar ka yanke hukunci a kurɓin farko, wanda zaka yi bayan minti goma sha biyar daban ne da na farko, tana buɗewa ne yayin da take ɗumi, kamar yanda miyar kuka ta kwana ta fi ta yau.

Wane irin ɗanɗano zan nema?

Turawa zasu ce maka toffee, treacle, da wasu kayan zaƙinsu da ba mu taso da su ba, sai mutum ya zauna yana jin kamar shi ne harshensa bai iya ba. Ba haka bane, harshenmu ya san duk abubuwan nan da sunayenmu.

Abu na farko da zaka ji mazarƙwaila ce, zaƙin rake da aka dafa har ya yi duhu, da ɗan ƙauri a bayansa. Bayanta dabino, irin busasshen nan da ya ɗan yi laushi, wani lokaci zabibi. A tsakiya akwai ɓawon burodi da ya gasu da kyau, wasu kuma suna da gardin soyayyar gyaɗa. A can ƙarshe, bayan ka haɗiye, sai ɗan ɗacin ƙanzo ya zo ya share zaƙin, sannan ɗumi ya sauka a ƙirji, wannan barasar ce. Mai kyau ɗumin a hankali yake zuwa, in ya ƙona maƙogwaro kamar ogogoro to ba a bar ta ta kwanta ba.

Ranar da na fara shan wata wee heavy mai suna Traquair House Ale a natse, da damina ce irin tasu, ruwa na ta zuba tun ƙarfe huɗu gari ya yi duhu, na sa hanci a kofin sai na ji ɗakin kakata lokacin da ake dafa ruwan tsiro kafin ya yi tsami, lokacin da take ɗibar mana a ƴar ƙwarya muna sha da ɗumi tun bai zama giya ba. Na daɗe zaune ban kurɓa ba.

Kenan kamar burukutu ce?

Uwa ɗaya ce ta haife su amma hali ya bambanta. Burukutu tsami ne ƙashin bayanta, ana barinta ta yi tsami da gangan, ba hops a ciki, ba a tace ta tas, kuma tana kan aiki ake shanta, kwana biyu ta wuce. Ita wannan tsami a cikinta alamar lalacewa ce, kuma mai ƙarfin tana iya shekara biyu ko uku a kwalba tana ƙara kyau. Inda suka haɗu shi ne kafin a sa yis, ruwan tsiron nan mai zaƙi.

Wanda ya saba da Guinness ta gida zai fi saurin gane ƙarfin, don tamu ta Najeriya kashi 7.5 ce, kusan daidai da wee heavy. Amma ita ɗaci da ƙonannen hatsi ne a gaba, wannan kuma zaƙi.

An ce tana warin hayaƙi kamar wiski, gaskiya ne?

Wannan daga Amurka ya fito. Wasu masu wiski a Sikotlan, musamman na tsibirin Islay, suna busar da tsironsu da hayaƙin wata baƙar ƙasa da ake haƙowa a fadama, peat, to sai masu haɗa giya a Amurka suka ɗauka ai duk abin da ya fito daga Sikotlan haka yake, suka dinga zubawa. Manyan kamfanonin Edinbara da Alloa ba su yi giya da shi ba. In ka sayi kwalba ka ji hayaƙi ba laifi bane in kana so, amma ba shi ne asalin ba.

Akwai wasu labaran ma da ake maimaitawa, wai mutanen Sikotlan ba sa sa hops ne saboda ba ya tsirowa a ƙasarsu kuma ba sa son saye a hannun Ingila, wai kuma duhun giyar daga doguwar tafasa yake zuwa. Wani mai binciken tarihin giya, Ron Pattinson, ya bi tsofaffin littattafan ajiya na kamfanonin ya nuna ba haka abin yake ba, Edinbara ta yi giya mai ɗaci da yawa tana kaiwa ƙasashen waje don ruwan rijiyoyinta ya dace da hakan, kuma a ƙarni na 20 sau da yawa ƙonannen sukari ake ɗigawa a ba ta launi, har a yi wa gari kaza duhu daban da na gari kaza daga tukunya ɗaya. Ni wannan bai rage min komai ba, abin da ke cikin kofi shi nake sha.

Da wacce zan fara?

Fara da sule 80, Belhaven 80/- ko McEwan's Export, ko Dark Island ta Orkney mai kashi 4.6, ka koya wa bakinka tsiro tukuna. Belhaven a Dunbar take, bakin teku, tun 1719, yanzu a hannun kamfanin Greene King tun 2005.

Daga nan ka hau. Old Jock ta Broughton kashi 6.7. McEwan's Champion 7.3, ita ta fi sauƙin samu a manyan kantuna kuma ba tsada, tana da zaƙi sosai, wasu na ganin ya yi yawa. Skull Splitter ta Orkney 8.5, sunan laƙabin wani sarkin Orkney ne na zamanin Vikin, Thorfinn, kuma santsinta a baki yana ɓoye ƙarfinta, a yi hattara.

Amma in ɗaya zan zaɓa Traquair House Ale ce, 7.2. Traquair tsohon gidan sarauta ne kusa da Innerleithen, kudu da Edinbara. Akwai ɗakin dafa giya a ciki tun ƙarni na 18 da aka watsar aka cika da tarkace, sai a 1965 mai gidan, Peter Maxwell Stuart, ya share shi ya ga tukunya da gangunan katakon oak suna nan lafiya, ya tada aikin. Har yau a cikin katakon nan ake barinta ta nuna, kuma zaka ji ɗan baurin itace a ƙarshenta wanda sauran ba su da shi. Ɗakin kansa ƙarami ne ƙwarai, in ka shiga zaka yi mamakin wai daga nan ake kai giya har Amurka. Suna da wata, Jacobite Ale, kashi 8, da ƴaƴan koriyanda a ciki.

Abin da ke min ciwo shi ne Edinbara, garin da ya taɓa samun kamfanonin giya fiye da talatin yanzu manyan duk sun tafi. William McEwan ya kafa nasa a Fountainbridge a 1856, da kuɗin giya ya gina wa jami'ar Edinbara babban zauren da ake yaye ɗalibai, McEwan Hall, yanzu wurin kamfanin gidaje ne da ofisoshi. Majalisar dokokin Sikotlan a Holyrood a kan filin tsohon kamfanin giya aka gina ta. Caledonian ta Slateford Road, wadda aka kafa a 1869, mai tukwanen tagulla da ake hura wa wuta kai tsaye, an sanar da rufe ta a 2022. Da in iska ta juyo unguwar gaba ɗaya ƙamshin dafaffen tsiro take yi.

Ta kwalba ko ta famfo?

Mai ƙarfin kwalba ta fi mata. Ta sule 70 da 80 kuma ka neme ta a ganga, wadda suke kira cask, ba a cusa mata iskar gas ba, kumfarta laushi gare ta kuma a sanyin ɗakin ƙasa ake ajiye ta. Wasu mashaya a Edinbara kamar Bow Bar da Athletic Arms, wadda kowa ke kira Diggers saboda maƙabartu biyu da ke kusa, sun yi suna da dogayen famfunan gargajiya na Sikotlan.

Ganga in an buɗe kwana kaɗan take yi. Na taɓa karɓar kofi a wata mashaya na ji tsami kamar an ɗiga ruwan tsamiya, na yi shiru na biya na fita saboda kunya irin tamu. Daga baya na gane mayarwa ake yi, ka ce ta juya, su canza maka ba faɗa. Haka in kwalba tana warin jiƙaƙƙen kwali iska ta shige ta, ta tsufa.

Da wane abinci take tafiya?

Nama mai romo da ya daɗe a wuta, gasasshen rago, cuku mai ƙarfi. Na gwada da balangu ya tafi daidai, da kilishi ma, gyaɗar da zaƙin suna haɗuwa. Farfesu mai barkono sosai kam a'a, barasar tana ƙara wa yaji wuta sai ka daina jin komai.

Nawa ya kamata mutum ya sha?

Ɗaya. Lissafin ma yana nan, a Birtaniya mililita 10 na tsantsar barasa shi ne unit ɗaya, kuma likitoci sun ce kar a wuce 14 a mako, mace ko namiji. Kwalbar mililita 330 mai kashi 7.2 kusan unit 2.4 ce, pint ɗaya mai kashi 8.5 kuma ya kusa 5. Zaƙin nan yaudara gare shi, yana sauka kamar kunu, sai ka miƙe tsaye ka san abin da ka sha. Mai ciki, mai ciwon hanta, mai ciwon suga, mai shan magani, su bar ta.

Tuƙi kuma kar ma a fara. Tun Disamba 2014 iyakar Sikotlan miligiram 50 ce na barasa a mililita 100 na jini, ƙasa da ta Ingila mai 80, kwalba ɗaya ta wee heavy tana iya kai ka can. Kantuna ba sa sayarwa kafin 10 na safe ko bayan 10 na dare, kuma akwai dokar mafi ƙarancin farashi da ta fara a 2018 a kan fens 50 kowane unit, aka ɗaga zuwa 65 a 2024, saboda barasa ta kashe musu mutane da yawa kuma sun san haka.

Ni ba na shan giya, akwai yanda zan san ɗanɗanon nan?

Akwai, ka ma riga ka san rabinsa. Maltina, Malta Guinness, Amstel Malta, da Supermalt da ake samu a shagunan ƴan Afirka a nan, duk ruwan tsiro ne da ba a bari ya zama giya ba. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin gida suka koma kan dawa sosai, dawar da ake nomawa a Arewa. Gwada wannan, ɗauki Malta ɗaya kar ka sa a firji, zuba a tambulan, bari kumfar ta kwanta, sa hanci, kurɓi kaɗan ka fitar da numfashi ta hanci. Mazarƙwailar tana nan, ɓawon burodin yana nan. Ko ka sa a dama maka kunun tsiro na gaske ba sukari.

Wadda ake rubuta wa alcohol free a kantunan nan kuma ka karanta bayan kwalbar da kyau, wasu suna ɗauke da har kashi 0.5.